Kira Ga Kwamitin Gininmu: A Nemo Ruwan Kafin A Goge Katakon

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Masu Gidaje, da sauran 'yan kwamiti, da Manajan kamfanin da ke kula da gininmu.



Ranka ya daɗe, bayan godiya bisa ɗawainiyar da kuke yi da mu ba tare da ana biyanku ko kwabo ba, na rubuto ne a madadin kaina da maƙwabtana waɗanda daɓen katakon gidajensu ya lalace a daminar bana. Mun ga sanarwar da aka liƙa a gindin matakala, cewa kwamiti ya amince a kawo masu injin goge katako a watan Nuwamba, su bi gidajen da abin ya shafa, su goge daɓen ya koma sumul, su shafa sabon banish, a biya su daga kuɗin hidima. Mun kuma karanta layin ƙarshe, inda aka ja kunnen iyalai su rage jiƙa ɗaki da ruwa wajen share-share. Ba mu da shakka da kyakkyawar niyya aka yanke wannan shawara, domin koke ya yi yawa kuma kowa yana son ya ga an motsa. Duk da haka muna roƙon alfarma a dakatar da aikin, a fara binciko inda ruwan yake fitowa. Idan aka goge katakon nan yana ɗauke da danshi, kuɗin zai tafi, daɓen kuma zai fi yadda yake yanzu muni kafin azumi ya zagayo.

Ga dalilinmu. Katako ko an sare shi, an yanka, an shafe shi da banish, bai daina shan laima da fitar da ita ba. Kowa ya san ƙofar da ke cijewa a watan Agusta sai an sa mata kafaɗa, ta dawo tana rufuwa da ɗan yatsa a watan Janairu. Masana katako sun daɗe da auna wannan: idan laimar iska ta tsaya a kashi 30 cikin ɗari, danshin da ke cikin katako yakan daidaita a wajen kashi 6, idan ta kai kashi 80, yakan hau zuwa wajen kashi 16. Mu kuwa a Abuja duka biyun muna gani a shekara guda, domin da hunturu laimar takan sauka ƙasa da 30, a tsakiyar damina kuma ta haura 80. Katako ba ya ƙara tsawo sai ɗan abin da ido ba ya kamawa, a faɗi yake motsi. Loko, wanda aka ce mana da shi aka yi daɓenmu, yana cikin itatuwa masu haƙuri, amma shi ma faɗinsa yakan ƙaru da kusan kashi 0.2 cikin ɗari duk lokacin da danshinsa ya hau da ɗigo ɗaya. A ɗauki katako mai faɗin santimita 12, danshinsa ya hau da ɗigo 6: zai ƙara kusan milimita ɗaya da rabi. Ba wani abu ba ne a katako guda. Amma falo mai faɗin mita 4 yana ɗaukar irinsa sama da 30 a jere, kuma idan aka tara ƙarin nasu ya kusa santimita 5. Dole wannan ƙari ya sami inda zai je.

Shi ya sa kafintan da ya san aikinsa yake barin rata ta milimita 10 zuwa 15 tsakanin daɓe da bango ta kowane ɓangare, ya ɓoye ta a ƙarƙashin katakon da ke bin gindin bango, a babban ɗaki ma ya ƙara. A falona, da kafinta ya ɓalle wannan katako na gindin bango, mun tarar da daɓen ya tokare da fulasta har ya fara murƙushe ta, garinta ya zubo a kusurwa. Ko bakin wuƙa bai shiga tsakani ba. Wannan ba aikin mai shara ba ne, Ranka ya daɗe. Tun ranar da aka shimfiɗa katakon aka bar shi haka, ko kuma an bar ratar kaɗan ta cike.

Lalacewar da ke gidajenmu ba iri ɗaya ba ce, kuma abin da ya fi damunmu da sanarwar ke nan, domin magani ɗaya ta rubuta wa kowa. Akwai masu kukan tsagar da ke buɗewa tsakanin katakai da hunturu. Idan siririya ce kuma tana rufewa da kanta da damina, wannan halin katako ne, ba abin kashe kuɗi ba, kuma kuskure ne a cusa mata wani abu mai tauri a watan Janairu, domin katakon zai dawo ya matse shi ya ɓare gefensa. Idan kuwa tsagar tana nan a buɗe har cikin Agusta, to katakon ɗanye aka shimfiɗa, ya ƙarasa bushewa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya san kasuwar katako ta Dei-Dei. Mafi yawan katakon daga dazuzzukan kudu yake zuwa, irin su Ondo da Edo da Kuros Riba, inda iska ke da laima kusan duk shekara, kuma wanda aka shanya a iskar can bai bushe bushewar da ɗakin Abuja yake bukata ba sai an sa shi a ɗakin gashi, ko an jera shi a cikin gidan da za a yi aikin ya saba da iskarsa kafin a kafa.

Amma abin da ya fi yawa a gininmu wani ne daban, kuma ina roƙon 'yan kwamiti su zo su gani da idonsu. A kashe fitilar ɗaki da dare, a kwantar da tocila a ƙasa, haskenta ya bi saman daɓen. Za a ga ɗakin ya zama tudu da kwari a jere kamar kwanon rufi. A ɗora rula a gicciye kan katako guda: gefe da gefe suna taɓa ta, tsakiya kuwa ta lotsa, haske yana wucewa ta ƙasa. Katako yana yin haka ne idan cikinsa, wato fuskar da ke kwance kan siminti, ya fi bayansa danshi. Ƙasan ya kumbura ya faɗaɗa, saman da iska da na'urar sanyaya ɗaki ke busarwa ya tsaya yadda yake, sai gefuna su ɗago. Duk inda aka ga wannan alama, ƙasa ake fara tuhuma.

To a nan ne injin gogewa yake ɓarna. Injin ba ya sanin dalili, abin da ya ɗago yake ci. Zai cinye gefunan nan da suka taso, ya daidaita su da tsakiya, a shafa banish, kowa ya yi murna. Sai hunturu ya kankama, ko a gyara bututun da ke yoyo, ƙasan katakon ya bushe ya koma girmansa. Gefunan da suka ɗago za su sauka, alhali an riga an rage musu kauri, sai tsakiyar kowane katako ta zama tudu, gefuna su zama kwari. Wannan karon babu jira da zai gyara shi, sai an sake gogewa. Kuma gogewa ba abu ne da ake yi yadda aka ga dama ba. Naman da ke saman harshen da katakai ke sarƙewa da shi bai wuce milimita 6 ba a katako mai kauri, kowace gogewa tana cin kusan milimita ɗaya, wadda aka yi kan katakon da ya lanƙwashe kuma ta fi haka ci. Wasu daga cikin gidajen ma, musamman waɗanda masu su suka sake daɓe daga baya, katakon haɗi ne aka sa, mai siririn ɓawon itace a sama da falanki a ƙasa. Irin wannan gogewa ɗaya mai nauyi tana iya huda ɓawon. Katakon da ya lanƙwashe kaɗan kuwa, idan aka tsayar da ruwan aka ba shi watanni, sau da yawa yakan kwanta da kansa ko ya kusa, ba tare da an taɓa shi ba.

Akwai kuma maganar ƙura. Garin loko sananne ne wajen tayar da asma da ƙaiƙayin fata, kuma a ginin nan akwai jarirai da tsofaffi. A ce za a tayar da wannan ƙura a gidaje da yawa a farkon hunturu, lokacin da ƙirji ke wahala ko ba komai, sannan a sake tayar da ita bayan watanni, abin a duba ne.

Game da ruwan shara, ba mu ce babu ruwansa sam ba. Akwai gidajen da ake tsoma mofa a bokiti a ja ta tana zuba, akwai inda ake ajiye buta a kan katako, kuma wannan yana dusar da banish, ya baƙanta bakin tsaga, ya ɓata gaban ƙofar banɗaki. Jan kunnen yana da wurinsa, mun karɓa. Sai dai bai isa ya bayyana abin da muke gani ba. Akwai gida a hawa na biyu da mai shi yake ƙasar waje tun kafin ruwan farko, a kulle yake, ba a share shi ba balle a jiƙa. Da ɗan'uwansa ya buɗe a watan jiya, daɓen ɗakin barci ya tashi daga siminti ya yi tozo a tsakiya, har ƙofar ɗakin ba ta buɗuwa sai rabi, ga warin ruma ya cika ko'ina. Wa ya zuba ruwa a can? Sannan da muka zauna muka kwatanta, sai muka lura gidajen da abin ya fi tsanani suna kan juna ne, ɗaya bisa ɗaya, a ɓangaren gabas, kuma a kowannensu lalacewar ta fi ƙarfi a jikin bango guda, wanda bututun banɗakuna ke bi ta cikinsa, tana raguwa yayin da aka nufo tsakiyar ɗaki. Matan gidajen nan ba su haɗa baki suka riƙa jiƙa kusurwa ɗaya ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Ba mu ce mun gano bakin zaren ba, kuma ba ma so a ɗauki zatonmu a matsayin hukunci, kamar yadda ba ma so a ɗauki na kowa. Ƙofofin da ruwa ke shigowa gini irin namu suna da yawa. Bututun ruwa da aka binne a bango yana iya tsiyaya a mahaɗa shekara da shekaru ba a ga ɗigo a fili ba, dekin yana shanyewa. Banɗakin da ba a shafe ƙasansa da maganin hana ruwa ba kafin a sa tayil yana tura danshi zuwa ɗakin da ke maƙwabtaka da shi da na ƙasa da shi. Barandar da gangarenta ya kallo ɗaki, ko ƙura da ganye suka toshe mata magudana, takan tara ruwan sama ya bi ƙarƙashin ƙofa. Na'urar sanyaya ɗaki tana tatsar lita da yawa na ruwa daga iska kowace rana da damina, kuma siririn bututun da ke fitar da shi, wanda a gininmu aka binne cikin bango, yakan toshe da datti da gansakuka. Gidajen ƙasa suna da tasu matsalar idan ba a shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin kankare ba lokacin gini, na sama kuma suna ƙarƙashin tankuna da rufi. Akwai ma ruwan da aka gina ginin da shi: simintin daɓe yana bukatar kamar kwana ɗaya ga kowace milimita kafin ya bushe, mai kauri ma ya fi haka, kuma ɗan kwangilar da ake matsa wa ya miƙa makulli ba kasafai yake jira ba. Kowace daga cikin waɗannan tana barin sawunta a wuri daban, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Abin farin ciki, gano su ba ya bukatar a fasa gini, kuma kuɗinsa bai kai na gogewa ba. Akwai 'yar na'ura mai allurai biyu da ake soka wa katako ta nuna yawan danshinsa. Idan aka auna kusa da saman katako da kusa da ƙasansa, aka bi ɗaki daga bango zuwa bango ana rubutawa a kan zanen gidan, lambobin da kansu za su nuna inda ruwan ya fi taruwa. Siminti ma ana auna shi. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗage katako kaɗan, a manna leda mai faɗin kusan rabin mita a kan simintin, a rufe gefunanta da salatif, a dawo washegari. Idan ƙasanta ya yi gumi ko simintin ya yi duhu, akwai danshi. Wannan gwajin yana tabbatar da akwai, amma ba ya wanke simintin da bai nuna ba, don haka ƙwararru sukan huda rami zuwa kashi 40 cikin ɗari na kaurin kankaren su sa ma'auni a ciki, kuma yawancin masu yin katakon daɓe da gam ɗinsa ba sa yarda a shimfiɗa idan laimar cikin ta haura kashi 75. Bututu kuwa mai gyaran famfo yana iya rufe layin kowane gida, ya ɗaura ma'aunin ƙarfin ruwa, ya ga ko allurar tana sauka. Banɗaki da baranda ana toshe magudanarsu a tara ruwa na kwana ɗaya ko biyu, a sa alama, a duba ko ya ragu, a kuma leƙa silin na ƙasa. Bututun na'urar sanyaya ɗaki, a zuba masa ruwa daga sama a ga ko ya fito inda ya kamata.

Akwai gwajin da ko yaro zai iya. A ɗauki makulli a bi daɓen ana ƙwanƙwasawa. Inda gam ya kama, sautin a cike yake. Inda ya saki, sai a ji ƙwal-ƙwal, fanko. A gidan wata dattijuwa da ke ƙasa da ni, Hajiya ta nuna mini wurin da take shimfiɗa dardumarta, inda wasu gajerun katakai suka saki gaba ɗaya, suna motsi idan an taka. Ta ɗaga guda da hannunta ba wahala. Ƙasansa baƙi ƙirin, gam ɗin ya zama gari, simintin kuwa da sanyi kamar an yayyafa masa ruwa. A bayan katakon gindin bango kuma ga siririyar hanyar ƙasa ta hau, wadda duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ta gara ce. Hajiya tana tafiya da sanda, kuma gefen katakon da ya ɗago ya riga ya kama mata ƙafa sau ɗaya, Allah Ya tsare. Zuciyar loko gara ba ta cika cinta ba, amma tana cin farin gefensa da falanki da ƙananan katakan da ake sawa a ƙasa, kuma danshi take bi. Idan ta sami hanya ta ramin bututu, ba ta tsayawa a gida ɗaya, feshin da mutum zai yi a ɗakinsa kuwa kora ta kawai yake yi zuwa na maƙwabci.

Wannan ne ya sa muka kawo kukanmu gare ku maimakon kowa ya kira kafintansa. Daɓen da ke cikin gidana nawa ne, ba musu. Amma dekin da yake kwance a kai, da bututun da ke cikin bango, da rufi da tankuna da magudanai, na kowa ne, kuma ba ni da ikon in shiga banɗakin na sama da ni in toshe masa magudana don gwaji. Ku ne kuke da wannan iko. Idan na cire daɓena yau na sa sabo da kuɗina, ruwan da ya ɓata na farko yana nan yana jiran na biyu. Tuni ma an fara jin maganganu a matakala, na ƙasa yana zargin na sama, na sama yana cewa shi bai ga ruwa a gidansa ba, kuma mai yiwuwa dukansu gaskiya suke faɗa. Mutanen da suke gaisawa da safe suna tsayawa sahu ɗaya a masallaci sun fara kauce wa juna a kan abin da awo na kwana biyu zai warware.

Muna roƙon wanda za a kira ya yi binciken ya kasance mai zaman kansa, injiniya mai rajista da COREN ko magini mai rajista da CORBON, wanda ya san aikin danshi a gini, ya zo da mai gyaran famfo da kafintan da ya taɓa aikin daɓe. Kada ya zama wanda zai sayar mana da katako ko ya karɓi kwangilar gyaran, kada kuma ya zama na kamfanin da ya gina ginin. Ba zargin kowa muke yi ba. Mai injin gogewa gogewa zai gani, mai sayar da tayil kuma zai ce a cire katakon duka. Ya rubuta rahoto mai ɗauke da lambobin da ya auna da hotuna, gida-gida, a ba kowane mai gida kwafi.

Maganar wanda zai biya ita ce mai wuya, kuma shawararmu a yanke ta tun kafin sakamako ya fito, lokacin da ba wanda ya san a kansa za ta faɗa. Abin da muke gani adalci shi ne: idan ruwan daga kayan tarayya yake, asusun tarayya ya gyara tushen ya kuma taimaka wa wanda aka yi wa ɓarna, idan daga cikin gidan wani yake, kamar banɗakin da ya sake wa fasali ko na'urar da ya sa da kansa, shi ya ɗauka, idan kuwa aikin gini ne aka yi ba daidai ba, a koma wa wanda ya gina. Wannan ba sabon tunani ba ne a wurinmu. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda da yawanmu muka karanta a zaure, ta yi maganar gidan da ƙasansa na wani ne samansa na wani fiye da shekara dubu da suka wuce, ta fayyace gyaran da ke kan mai ƙasa, ta kuma ce idan ya ƙi a tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. Maƙwabtanmu da ba Musulmi ba ma ba za su ƙi wannan ma'auni ba. Abin da ya rage shi ne a buɗe takardar yarjejeniyar da kowannenmu ya sa wa hannu lokacin saye, a ga inda ta ja iyaka tsakanin na mutum da na jama'a, a karanta wa kowa a taro.

A kan wanda ya gina kuma, muna roƙon Sakatare ya duba takardu da gaggawa. Kwangilolin gini a ƙasar nan sukan ƙunshi wa'adin gyaran aibi, galibi wata 6 ko 12 bayan miƙa aiki, kuma akan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har wa'adin ya cika. Ko wa'adin namu ya wuce ko bai wuce ba, a rubuta wa kamfanin wasiƙa yanzu, a sanar da shi abin da aka gani, a gayyace shi ya turo wakili ranar awo, a kuma nemi zanen hanyoyin bututu da bayanin irin katako da gam da aka yi amfani da su. Idan muka goge daɓen kafin wannan, mun shafe shaidarmu da hannunmu, kuma duk wanda aka tunkara daga baya zai ce wasu ne suka taɓa aikinsa.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Yanzu ne ruwa ya ɗauke, gini yana ɗauke da danshin damina gaba ɗaya, kuma yanzu ne awo zai faɗi gaskiya. Nan da Janairu iskar hunturu za ta busar da saman komai, wasu katakan su kwanta, a ɗauka matsalar ta wuce, sai Yuli ya zo mu koma gidan jiya. Don haka a yi awon farko a cikin makonnin nan, a gyara duk tushen da aka gano, a sake awo a ƙarshen hunturu. Daɓen da lambobinsa suka daidaita sama da ƙasa, aka ga bai kwanta ba, shi ne za a goge, kuma a lokacin ba mai ja. Wanda ya saki daga siminti ko ya ruɓe a cire shi, a bar simintin ya bushe, a shafa masa abin tare danshi, a shimfiɗa busasshen katako da ratarsa. Mai son komawa tayil ma a ba shi dama, da sharaɗin ya sa shimfiɗar rage ƙara a ƙasa saboda na ƙasa da shi.

Kafin nan akwai abin da ba ya jira. A ba kafinta izini ya buɗe rata a gindin bango a ɗakunan da daɓe ya tokare, domin wannan kaɗai yana hana tozo tashi. A cire katakan da suka saki a gidajen tsofaffi da masu ƙananan yara, a rufe wurin na ɗan lokaci yadda ba zai kama ƙafa ba, a fara da gidan Hajiya. A sanar da masu gidajen da ke kulle su ba wani amintacce makulli ya riƙa buɗe tagogi. Mu kuma a namu ɓangaren mun yi alkawarin ɗage kafet da ledar da ke rufe daɓe don ya sha iska, mu koma shara da tsumman da aka matse, mu buɗe ƙofofinmu ga masu awo duk ranar da kuka sa, har da banɗakuna da ɗakunan barci, in dai an sanar da iyali tun da wuri.

Muna roƙon a sa wannan magana a ajandar taron wata mai zuwa, a kuma dakatar da biyan kafin alƙalami ga masu injin har a zauna. Idan Shugaba da Manajan kamfani za su sami sarari kafin taron, muna gayyatarsu su zo bayan sallar isha'i, su fara da gidajen ɓangaren gabas.

 

Naku,
Ɗaya daga cikin masu gidaje, a madadin maƙwabtan da abin ya shafa.